Ko ka san abin da ke sa ɗakin janareta na motar-gida ya lotsa?

A Amurka akwai motocin da mutum zai kwana, ya yi girki, ya yi wanka a cikinsu, yana yawo daga jiha zuwa jiha. Kamfanin Winnebago na jihar Iowa ya fara ƙera nasa a 1966, GMC kuma ya fitar da nasa daga 1973 zuwa 1978, kuma har yau da yawansu na kan titi. Tunda gida ne sai da wuta. Don haka a ƙasan bodi akwai wani ɗan akurki mai murfi inda janareta ke zaune, galibi ƙirar Onan, wanda yanzu yake hannun kamfanin Cummins. Ba shi da tankin kansa, daga na motar yake sha. Amma an yi masa wayo: tiyonsa ba ya kaiwa gindin tanki, da mai ya sauka zuwa kamar kwata sai ya mutu, don kada ya shanye ya bar matafiyi a daji.

Mai ba da wat 4,000 yakan kai kilo 80, tsofaffin ma sun fi haka. Ka ɗauka buhun masara ne aka rataye a gefen mota shekara talatin ko arba'in, kuma buhun nan yana karkarwa, domin injin na juyawa sau 1,800 ko 3,600 a minti, gwargwadon ƙirarsa. In akurkin yana can bayan tayoyin baya, abin ya fi muni, don duk ramin da mota ta faɗa, wutsiyarta ce ke shan jijjiga mafi tsanani.

Sai dai ba nauyi kaɗai ke cin akurkin ba. Ruwa ne babban ɓarawo. A wasu motocin daɓen katako ne da aka lulluɓe da kwano. Taya na watso ruwa daga ƙasa, robar murfi ta tsufa tana yoyo daga sama, katako ya jiƙa ya ruɓe a ɓoye. A jihohin arewa na Amurka kuwa ana zuba gishiri a titi lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuma abincin tsatsa ne. Alamar farko murfi ne zai ƙi rufuwa daidai. In ka soka sukundireba a daɓen, sai ta nutse kamar a burodi.

Mai ganin muni ne kawai bai san dawan garin ba. Da janareta ya karkace, salansa na iya tsagewa, tiyon mai ya goge da ƙarfe, bangon da ya raba akurkin da cikin mota ya buɗe baki. A motoci da dama kuwa gado yana daf da wurin. Hayaƙin injin da zai shigo ta nan, mai ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, shi ne dai wanda muke jin ya halaka iyali guda a nan gida idan an kwana da janareta a ɗaki.

Gyaran ba ya son ha'inci. A cire kan batir, a toshe tiyon mai, a kwance waya da salansa, a tallafo injin da jak a sauke shi. A yanke duk ruɓaɓɓen katako da ƙarfen da tsatsa ta ci. Sannan mai walda ya haɗa sabon firam na ƙarfe mai kusurwa, a ɗaure shi da noti a jikin shasi, ta yadda shasi ne zai ɗauki nauyin, ba bodi ba. Walda a kan shasin kansa kan raunana shi, ga tankin mai a kusa, gara a haɗa firam ɗin a ƙasa a kawo. Masu like sabon falanki a kan ruɓaɓɓe, a ganina, ɓarnar kuɗi kawai suke yi. A sauya robobin da injin ke zama a kai, a toshe kowace kafa da ke kallon cikin mota, bakin salansa kuma ya leƙo waje da gefen bodi, nesa da taga.

Kafin kowa ya kwana a ciki, a sa na'urar da ke ƙara idan ta ji kabon monoksaid, a danna maɓallinta a tabbata tana aiki.