Ɗaga ƙarfe: abincin da sabon shiga ke buƙata yana cikin kasuwar unguwa

A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, da wuya a ratsa unguwa bayan la'asar ba a ji ƙarar ƙarfe daga wani kango ko gefen wata fada ba. Wasu matasan na biyan kuɗi a ɗakunan motsa jiki, amma mafi yawa da gwangwanin da aka cika da siminti da tsohon ƙarfen mota suke atisaye, irin wanda aka gani a hannun samarin unguwar Kara-Kara cikin fim ɗin "Zinder" na Aïcha Macky da ya fito a 2021. Yaro ɗan shekara 17 ko 18 da ya fara wannan harka yakan koyi yadda ake ɗagawa cikin sati guda. Abin da ba wanda ke zaunar da shi ya koya masa shi ne abin da zai ci, kuma a nan ne masu tallar magani a faranti ke samun kasuwa.

Ƙarfe ba ya ƙara tsoka da kansa. Yana gajiyar da ita ne, jiki kuma ya gyara ta a lokacin hutu, ta dawo da ɗan kauri fiye da da. Kayan gyaran shi ne sinadarin gina jiki da ake kira furotin. Baligin da ba ya wani atisaye giram 0.8 ya ishe shi a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai ɗaga ƙarfe kuwa masana abincin ƴan wasa na sa masa kusan giram 1.6, kuma abin da ya wuce 2.2 ba ya ƙara wani abin kirki. Ke nan matashi mai kilo 60 yana neman kusan giram 100 a rana.

Lissafin na da ban tsoro ga wanda ya ɗauka nama kaɗai ke ba da shi. Amma Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake bayan Najeriya, kuma giram 100 na busasshen wake na ɗauke da furotin kusan giram 23. Gyaɗa ta ɗan fi haka, ƙuli-ƙuli kuma ya fi gyaɗa tunda an matse man. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, litar nono ta haura giram 30, dafaffen nama kuma kusan giram 25 a cikin 100. Ko gero, da ake ganin cika ciki kawai yake yi, yana da giram 10 zuwa 11. Farar da ake soyawa a Maraɗi, wadda wasu ƴan birni ke yi wa kallon abincin talaka, kusan rabin nauyinta furotin ne idan ta bushe. Ga awara, ga cukun Tawa, ga kilishi ga mai hali.

A ɗauki yinin wannan matashi mai kilo 60. Da safe ya ƙara dafaffen ƙwai biyu a kan kokonsa, ya samu giram 12. Da rana shinkafa da wake, amma waken ya yi yawa, ba ƴan ƙwayoyin da ake nema da cokali ba: kusan giram 30. Bayan atisaye fura da rabin litar nono, kusan giram 25. Da dare tuwon gida da ƴar tsokar nama ko kifi, wani giram 25 ɗin. Cikin hannu biyu na gyaɗa a tsakanin abinci ya cike sauran. An kai 100 ba tare da an buɗe gwangwanin hoda ba. Haɗa hatsi da wake ma yana da dalili: akwai wani sinadari, laisin, da ya yi ƙaranci a gero da shinkafa amma yake da yawa a wake, waken kuma ya rasa wani da hatsi ke da shi. Ɗan wake da ƙosai da koko sun daɗe da warware wannan.

Matsalar da ta fi yawa ga siririn yaro ita ce bai cin abin da ya isa gaba ɗaya. Mai tuƙa kabu-kabu ko leburan gini da ya yini a rana kan shayi da burodi, sannan ya je ya ɗaga ƙarfe, jikinsa zai ƙone furotin ɗin ne don samun ƙarfi. Dole abincin ya ɗan zarce abin da ake ƙonawa, da kalori 300 zuwa 500 a rana, wato kamar ƙarin kwanon fura ɗaya mai kauri. A gidan da mutum shida ke cin tuwo a tire ɗaya ba a auna rabon kowa, don haka ya fi sauƙi yaro ya bar tiren gida yadda yake, ya sa kuɗin aljihunsa a ƙarin abinci biyu a waje: ƙwai ko awara da safe, fura da nono da yamma. Zogale, yakuwa, mangwaro da lemo su ma kada a bar su.

Sai hattara biyu. Nonon da ba a tafasa ba na iya ɗauke da cuta daga dabba, gyaɗa ko ƙuli-ƙulin da ya yi funfuna kuma yana iya ɗaukar gubar aflatoksin mai lalata hanta. Wanda ke da ciwon ƙoda ko sukari ya fara ganin likita kafin ya ƙara furotin.

Hatsarin gaske yana cikin ƙwayoyin ƙiba. Deksametazon, da ake sayar wa matasa a gefen hanya, magani ne na kumburi da likita ke rubutawa. Wanda ya daɗe yana shan sa fuskarsa za ta cika, tumbi ya fito, ya ɗauka ya samu jiki, alhali ruwa ne da kitse, kuma maganin cinye tsokar hannu da ƙafa yake yi, wato akasin abin da aka je nema. Yana ɗaga sukari da hawan jini, dakatar da shi farat ɗaya kuma na iya kwantar da mutum, shi ya sa wanda ya riga ya fara sai ya je asibiti a rage masa sannu a hankali. Alluran kumbura tsoka su kuma suna aiki, amma da tsada: suna taɓa hanta da zuciya, suna rage maniyyi, ga yaron da bai gama girma ba kuma suna iya tsayar da tsawonsa har abada. Tiramol da wasu ke haɗiya kafin atisaye ɓoye ciwo kawai yake yi, har a ji rauni ba a sani ba.

Hodar furotin ba guba ba ce idan ta gaskiya ce, daga madara ake fitar da yawancinta. Sai dai ludayi ɗaya na ba da abin da ƙwai huɗu ke bayarwa, kuma a kasuwa babu mai tabbatar da abin da ke cikin gwangwanin.

Barci ma yana cikin tsarin. Matashi na buƙatar awa 8 ko fiye, kuma zaman fada ana kurɓar shayi har ƙarfe biyun dare yana cin rabin wahalar da aka sha. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, a sha ruwa kafin a ji ƙishi, a kuma duba fitsari: idan ya yi duhu, ruwan bai isa ba. Da azumi, atisaye ya koma bayan buɗa-baki, furotin kuma a raba shi tsakanin shan ruwa, bayan asham da sahur.

Hanyar gane ko tsarin na aiki ita ce sikeli, ko da na mai sayar da hatsi ne. A hau sau ɗaya a sati, da safe kafin a karya. Ƙarin kusan kilo ɗaya a wata, tare da ƙarfen da ake ɗagawa yana ƙaruwa, alama ce mai kyau. Idan sati uku suka wuce allura ba ta motsa ba, a ƙara kwano ɗaya. Idan kuma wando ya fara matse ƙugu alhali damtse na nan yadda yake, a rage sukarin shayi da soye-soye.