Cinikin Yini a Intanet: Yadda Za Ka Shawo Kan Fargaba

Mai cinikin yini shi ne wanda ke sayen hannun jari, kuɗin ƙasashen waje ko kirifto, ya sayar kafin rana ta faɗi. Idonsa na kan waya, farashi na hawa da sauka, gabansa na faɗuwa, tafin hannunsa ya jiƙe da gumi.

Wannan fargaba daga jiki take. A wani bincike da aka wallafa a 2008, John Coates na Jami'ar Cambridge ya auna 'yan kasuwar kuɗi a Landan, ya gano sinadarin damuwa, kotizol, yana ƙaruwa idan kasuwa ta rikice. Daniel Kahneman da Amos Tversky kuwa sun nuna cewa zafin asara ya kai kusan ninki biyu na daɗin riba. Shi ya sa wanda ya faɗi yake gaggawar ramawa, ya ƙara zurmawa.

Magani shi ne tsari tun kafin shiga. Kada ka zuba kuɗin cefane ko na rance. Kada asarar ciniki guda ta wuce kashi 1 cikin 100 na jarinka. Ka yanke iyakar asarar yini; da ka kai ta, rufe manhajar, tashi ka miƙe ƙafa. Idan damuwa ta fara hana ka barci, je ka ga likita.