Ko Kun Sani? Aljeriya da Giyar Inabi

Yau Italiya, Faransa da Sifaniya ne kan gaba wajen yin giyar inabi, amma an yi zamanin da Aljeriya, maƙwabciyar Nijar, ta fi kowace ƙasa fitar da ita. Wani ƙwaro ya cinye gonakin inabin Faransa a ƙarni na 19, sai 'yan mulkin mallakar Faransa suka cika filayen da suka ƙwace a Aljeriya da inabi, musamman a yankin Oran. A shekarun 1930 gonakin sun kai kimanin hekta 400,000. Abin takaici, masu ƙasar Musulmi ne da ke buƙatar filin hatsi. Bayan 'yancin 1962 Faransa ta rage saye, sai gwamnatin shugaban Aljeriya Boumediene ta tumɓuke gonaki da dama.