Alhakin Marar Baki: Me Ya Sa Ƙasashe Ke Tsaurara Hukuncin Cin Zalin Dabba?

A watan Oktoba na 2016, a garin Stevenage da ke arewa da birnin Landan, wani karen 'yan sanda mai suna Finn ya bi sawun wani matashi da ake zargi da fashi har ya cim masa. Matashin ya zaro wuƙa ya daɓa wa karen a ƙirji, ya sare shi a ka, shi kuma ɗan sandan da ke tare da karen, Dave Wardell, ya ji rauni a hannu. An yi wa Finn tiyatar gaggawa, Allah ya sa da sauran kwanansa. Da aka je gaban shari'a, raunin hannun ɗan sanda ya shiga ajin laifin ji wa mutum ciwo, sukar da ta kusa kashe karen kuwa aka rubuta ta a matsayin lalata kadara, wato sahu ɗaya da wanda ya fasa gilashin motar 'yan sanda. Abin ya tsaya wa jama'ar Ingila a rai, domin gilashi ba ya jin zafi, ba ya zubar da jini.

Ƙorafin da ya biyo baya shi ya haifi dokar da suke kira Dokar Finn a 2019, wadda ta toshe ƙofar fakewa da kare kai ga wanda ya raunata dabbar da ke bakin aikin hukuma. Babban sauyin kuwa ya zo ranar 29 ga Yuni, 2021, lokacin da sabuwar doka ta fara aiki a Ingila da Wales, ta ɗaga iyakar ɗaurin mai azabtar da dabba daga wata 6 zuwa shekara 5. Kafin nan, ko da mutum ya ƙona kyanwa da ranta ya ɗauki bidiyo yana dariya, alƙali ba shi da ikon wuce wata shida. Idan mai laifin ya amsa laifinsa tun farko a rage masa kashi ɗaya cikin uku, sannan galibi rabin abin da ya rage zai kwana a gidan yari. Masu fafutuka sun yi ta nuna cewa a ƙasar, mai jibge shara inda aka hana yana iya shan ɗaurin shekara biyar. Amurka ma ta bi wannan hanya: zuwa 2014 duk jihohinta 50 sun sanya mugun zaluncin dabba cikin manyan laifuka, a 2019 kuma aka sa hannu kan dokar tarayya mai ɗaurin da ke kaiwa shekara 7. Faransa ta yi nata gyaran a 2021, inda wanda azabarsa ta kashe dabba ke fuskantar shekara 5 da tarar yuro 75,000.

Ina ganin waɗannan ƙasashe sun yi daidai, amma dalilin da ya sa suka yi daidai ya sha bamban da wanda aka fi faɗa. Mutane na ɗauka cewa tsananin hukunci shi ke tsorata mai niyyar laifi, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Masana laifuka sun daɗe suna shakkar haka. Tun 1764 wani masanin shari'a ɗan Italiya, Cesare Beccaria, ya kafa hujja cewa tabbacin za a kama mutum ya fi girman hukunci hana shi aikata laifi, kuma binciken zamani ya fi karkata ga ra'ayinsa. Wanda ya harbi karensa da ƙafa cikin fushi bai tsaya lissafin shekarun ɗauri ba. Amfanin ɗaga iyakar hukunci yana wani wuri daban: yana ba alƙali sarari ya bambanta laifi da laifi. Idan rufin ɗaki ya yi ƙasa, dogo da gajere duk a sunkuye za su tsaya. Dokar da iyakarta wata shida ce tana tilasta wa kotu ta haɗa wanda ya yi sakaci da abincin karensa na kwana biyu da wanda ya shirya faɗan karnuka don caca, ta ba su hukunci mai kama da juna. Haka kuma girman hukunci shi ke gaya wa ɗan sanda da mai gabatar da ƙara ko batun ya cancanci a ɓata lokaci a kansa. Laifin da tararsa ba ta kai kuɗin takardar rubuta ƙara ba, babu jami'in da zai tashi daga kujera dominsa.

A nan ne batun ya shafe mu kai tsaye. Kundin laifuka da Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1916, wanda jihohin Kudancin Najeriya da dama ke aiki da shi har yau, ya haramta dukan dabba da azabtar da ita da ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta, a sashe na 495. Hukuncin shi ne ɗaurin wata shida, ko tarar naira 50, ko duka biyun. A da naira hamsin kuɗi ce mai ciwo a aljihu. Yau da ƙyar ta sayi ledar ruwan sha guda. Kundin Final Kod na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, shi ma yana da sassan da suka hana wulaƙanta dabbar gida. Dokar dai tana nan a rubuce, sai dai ta zama kamar tsohuwar bindiga a rataye, ta yi tsatsa, ba mai tuna da ita. Abin da ake gani a unguwa shi ne shaida: yara sun rutsa kare a lungu, sun ɗaura masa gwangwani a wutsiya, suna bin sa da jifa yana kuka yana ɗingishi, manya na zaune a kan dakali ba wanda ya ce kanzil. Ko kyanwa ta haihu a ɗakin ajiya, a kwashe 'ya'yan idonsu bai ko buɗe ba, a zuba a buhu a ɗaure baki a jefa bola, uwar ta kwana uku tana zagaya gidan tana nema. Wani lokaci ma a far wa baƙar kyanwa da sanduna don an ce mayya ce.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai faɗa, ƙasar da ake sace mutane a hanya, yara na kwana da yunwa, ina ta ga sararin shari'ar kare da kyanwa? Wannan ita ce hujja mafi nauyi, ba kuwa za a ture ta da baki ba. Sai dai tana ɗauka cewa tausayi kamar hatsi ne a rumbu, in an ɗiba wa dabba sai rabon mutum ya ragu. Bincike na nuna wani abu daban. A Amurka, masana daga Jami'ar Northeastern tare da ƙungiyar kare dabbobi ta jihar Massachusetts sun bi tarihin mutanen da aka gurfanar kan zaluntar dabba, suka kwatanta su da maƙwabtansu masu shekaru irin nasu, suka tarar sun ninka su kusan sau biyar wajen aikata laifin ta'addi kan mutane. Binciken bai ce kowa da dabba yake farawa sannan ya kai ga mutum ba, sau da yawa abubuwan biyu tafe suke tare. Duk da haka alaƙar ta isa ta sa hukumar FBI, tun daga 2016, ta ware wa zaluntar dabba gurbi na kansa a rajistar laifukanta. Hannun da ke iya zuba wa kyanwa tafasasshen ruwa, matar gidan da 'ya'yanta ma suna kusa da shi. Kotun da ta lura da mutumin tun a kan kyanwa ta samu damar sa masa ido da wuri.

Wasu kuma za su ce wannan al'adar Turawa ce, masu kwana da kare a gado. Ba a buƙatar mutum ya kwana da kare kafin ya san cewa ƙona shi zalunci ne. Dokar farko ta Ingila a kan wannan batu a 1822 aka yi ta, ƙarni masu yawa bayan hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, da kuma na mutumin da aka gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. A fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita, kuma Muktasar na Halil ya nuna cewa wanda ya ƙi, ana sayar da dabbar ko yana so ko ba ya so. Wato ƙwace dabba daga hannun azzalumi hukunci ne da alƙalanmu suka sani tun kafin zuwan Bature. Mazhabar ta taƙaita ajiye kare ga farauta da kiwo da gadin gona, amma taƙaita ajiyewa bai taɓa zama lasisin azabtarwa ba. Bahaushe ma da ya so kwatanta yadda zalunci ke bin mai shi, da ɗan kare ya yi misali, ya ce alhaki kwikwiyo ne.

Akwai fargaba ta gaske game da yadda za a yi amfani da irin wannan doka. Gidajen yarin Najeriya cike suke, kuma mafi yawan waɗanda ke ciki jiran shari'a suke yi. Doka mai kaifi a hannun jami'i maras imani tana iya zama sabuwar hanyar tatsar talaka: a tare mai kaji a kan babur, a ce ya rataye su kai ƙasa, ya kawo na goro. Saboda haka kwafo shekara biyar daga Landan a liƙa a kundinmu ba zai wadatar ba. Ɗauri mai tsawo ya dace da wanda ya azabtar da gangan, ko ya mayar da azabar abin nishaɗi ko sana'a. Wanda ya kasa kai karensa asibitin dabbobi don ba shi da kuɗi, ko bai san ɗaure shi a rana tun safe cutarwa ba ne, gargaɗi da wayar da kai sun fi masa amfani. Wata dokar Ingila ta 2006 ta tanadi haka, tana ba jami'i damar rubuta wa mai dabba takardar gyara da wa'adi kafin a kai ga kotu. Ta kuma ba alƙali wani makami da a ganina ya fi ɗauri tasiri: ikon karɓe dabbar, da hana mai laifin sake mallakar wata na wasu shekaru ko har ƙarshen rayuwarsa. Wannan ba ya cin kuɗin gwamnati kamar ciyar da fursuna, kuma dabbar da za ta faɗa hannunsa nan gaba ita yake karewa.

Batun karnukan da ke yawo ba mai su shi ma yana buƙatar amsa, domin cutar haukan kare tana kashe mutane kimanin 59,000 a duniya kowace shekara, bisa ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare. Babu dokar hana zalunci da ke hana mutum kare kansa daga mahaukacin kare, ko ta hana likitan dabbobi kashe shi cikin hanzari ba tare da azaba ba. Abin da take hanawa shi ne watsa guba a cikin nama a bakin kwata, inda kare zai kwana yana shure-shure, kyanwar maƙwabci ta ci, ungulu ta ci gawar ta mutu, yaro mai rarrafe ya tsinci saura. Masana lafiya sun ce yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allurar riga-kafi shi ke katse yaɗuwar cutar, kisan kan mai uwa da wabi kuwa bai taɓa yi ba, don wasu karnukan ke cike gurbin.

Gyaran da ake buƙata a Najeriya yana hannun majalisun dokokin jihohi, tun da yawancin dokokin laifuka hurumin jiha ne. Aikin kuma ba mai yawa ba ne: a ɗaga tarar ta dace da darajar kuɗin yau, a raba laifin gida biyu tsakanin sakaci da mugunta ta ganganci, a ba alƙali ikon ƙwace dabba da haramta wa mai laifi sake ajiyewa, a kuma bayyana wanda za a kai wa ƙara. Ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma, mai unguwa, da hukumar Hisba a jihohin da take, duk suna kusa da jama'a fiye da kotun majistare, kuma mutumin da ya ji kukan kare a bayan katangar maƙwabcinsa kwana uku a jere zai fi samun sauƙin taka ƙafa zuwa wurin ɗayansu.