Ishiriniya da 'Yan Amshinta a Ƙofar Na'isa

Da zarar watan Rabi'ul Awwal ya kama, daga Ƙofar Na'isa har Kabara za ka riƙa jin muryoyi suna tashi tare bayan sallar isha'i. Mai ja ya ɗauko baiti, jama'a su karɓa.

Littafin da aka fi riƙewa shi ne Ishiriniya ta Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230. Kowane harafi baiti 20 ya yi masa, sannan Ibn Muhibu ya yi mata tahamisi. Akwai kuma Alburda ta Busiri. Duk ana samunsu wurin masu littattafai a Kasuwar Kurmi.

Sai dai takarda ba ta ɗauke da karin murya. A bakin manya ake koyonsa, shi ya sa nake roƙon malaman Islamiyya masu shirya ɗalibai don Mauludi su je su zauna da tsofaffin masu ja, su naɗi muryarsu a waya. A gidan Ƙadiriyya, inda Shehu Nasiru Kabara ya zauna har rasuwarsa a 1996, bandiri ne ke daidaita amshi. Wanda ba shi da bandiri, ya fara saita numfashin yara kafin ya ɗaga murya.