Wa Ya Shiga Ɗakin Aladun Mama?

Ga kacici-kacici. Wane mai laifi ne yake shiga gida kowane dare, ba wuƙa, ba guba, bai ciji kowa ba, amma gari na wayewa a tsinci gawa?

A wani ƙauye kusa da Kafanchan aka yi abin, tsakiyar watan Agusta, ruwa ba dare ba rana. Mahaifiyar wani abokina tana kiwon aladu a ɗakuna biyu, ɗaya a tudu, ɗaya a gangare kusa da rumbun dusa. Ni dai ba ruwana da naman alade, amma na san da kuɗinsu take biya wa jikoki makaranta. Cikin aladiya kwana 114 ne, wata uku da mako uku da kwana uku. Saura kamar mako biyu su haihu, sai uku daga cikin na ɗakin gangare suka yi ɓari a jere. Iyayen kuwa garau, suna ta cin dusa kamar ba su aka yi wa rashi ba.

"Ɗana, ba sai ka wahalar da kanka ba," in ji Mama. "Na san wanda ya yi." Ta nuna katangar maƙwabci da haɓa. Tun bara suke rigima kan iyakar gona. Na so in yarda, don labarin ya fi daɗi a haka. Amma wace irin guba ce za ta tsallake uwa ta kashe abin da ke cikinta, har sau uku, ba ta ko sa uwar amai ba? Na sallami maƙwabci a zuciyata. Mama ba ta sallame shi ba.

Sai na tuna da annobar zazzaɓin aladu ta Afirka, wadda ta ɓarke a Najeriya a 1997 ta share garkuna. Ita ba ta zaɓe: babba da ƙarami take kayarwa, kunne ya yi jawur, cikin 'yan kwanaki ɗaki ya zama kango. Nan kuwa ko ɗaya bai kwanta ba. Dusa fa? Dusar da ta yi fumfuna tana iya jawo ɓarna. Na zura hannu cikin buhu na shinshina. Lafiyarta ƙalau, kuma daga buhu ɗaya ake ɗiba wa ɗakunan biyu. Me ya sa na tudu ba abin da ya same su?

Ina cikin wannan lissafi, jikan Mama ya kwanta.

Shi ne mai wanke ɗakin gangare kowace safiya. Zazzaɓi, ciwon kai, idanu jajur. Kowa ya ce maleriya ce, aka gwada, babu. Abin da ya fi damunsa sharaɓarsa, ko taɓawa aka yi sai ya yi ƙara. Kwana biyar, farin idonsa ya fara rawaya. Shawara.

To, ashe abin yana cin mutum yana cin dabba. Nan take na tuna da ƙaton namijin da Mama ta sayo a kasuwar Katsit wata biyu da suka wuce. Baƙo ne, ba a san inda ya fito ba. Biri ya yi kama da mutum! Na je na tsaya a kansa ina harara. Yana ɗakin tudu. Inda ba a yi ɓari ba.

Likitan dabbobi ya zo da yamma. Ya ɗebi jinin iyayen. Ya tsuguna gaban komin ruwa, ya dubi kududdufin da ke ƙarƙashinsa. Ya tambayi wane takalmi yaron ke sawa. Babu. Faso fa? Cike da dunduniya. Sai ya ce, "Mama, a ba ni toka."

Ya barbaɗa daga bakin rumbu har bakin komi.

Muka kwana.

Da asuba muka haska tocila. Sawu. Ƙanana, birjik, da jan wutsiya a tsakani, sun tashi daga buhun dusa, sun hau leɓen komi, sun koma.

Ɓera!

Ba haƙorinsa ba ne makamin, fitsarinsa ne. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Leftosfira, siririya, a murɗe kamar igiya, da lanƙwasa a bakinta kamar ƙugiya. A cikin ƙodar ɓera take zama, shi ko a jikinsa, yana iya yawo da ita tsawon rayuwarsa yana ɗigarwa duk inda ya bi. In ta faɗa a busasshen wuri rana ta kashe ta. In ta sami laka ko kwantaccen ruwa, sai ta yi makonni tana jira. Aladiya ta sha daga komi, ƙwayar ta bi jini ta isa mahaifa, 'ya'yan su mutu, uwar ta tashi ta kakkaɓe. Daga nan ita ma ta fara zubar da ita a nata fitsarin. Yaro ya shigo da tsintsiya ba takalmi, faso ya buɗe mata ƙofa. Ɗakin tudu kuwa siminti ne mai gangara, kafin azahar ya bushe.

Tsohon mai laifi ne. Wani likitan Jamus, Adolf Weil, ya siffanta cutar a 1886. A 1915 likitocin Japan, Inada da Ido, suka gano ƙwayar a wajen masu haƙar kwal, ba da jimawa ba aka kama ta a ƙodar ɓeraye. Har yau ana ƙiyasta tana kama mutum kimanin miliyan ɗaya a shekara, kusan 60,000 su mutu.

Da sakamakon jini ya dawo, ita ce. Yaron tun kafin nan an sa shi kan maganin da likitan asibiti ya rubuta, ya tashi. Likitan dabbobi bai bar Mama ta ɗora wa ɓera komai ba. "In ɓera da sata, daddawa ma da wari," ya ce, yana nuna buhunan da aka bari baki buɗe a ƙasa. Aka juye dusa a durom mai murfi, aka liƙe komi, aka yi wa kududdufi hanya, aka sayo takalmin ruwa.

Ina haramar tafiya, Mama ta riƙe hannun rigata, ta yi ƙasa da murya. Mako uku ke nan ba ta amsa gaisuwar maƙwabcin nan ba, kuma gobe Lahadi, benci ɗaya suke zama a coci.