Kafin Ki Zuba Kuɗin Adashinki a Kwamfutar Koyon Zane

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, wata uwa ta jira har aka tashi daga makaranta, sannan ta ja ni gefe. 'Yarta, wadda na koyar tun tana 'yar ƙarama, ta sami gurbin koyon zane da kwamfuta, wato tsara katin biki, kalanda, tambarin kamfani da bangon littafi. Yarinyar ta kafe sai an saya mata MacBook, wai duk mai zane na gaske ita yake riƙewa. Uwar kuwa kwasar adashi guda ce a hannunta, har ta fara tunanin haɗawa da 'yan kunnenta na gwal. Ta ce, "Malama, ke kin yi karatun zamani, don Allah ki faɗa mini gaskiya."

Abin da na faɗa mata shi zan faɗa miki, domin gobe kan naki ɗan ko 'yar zai zo.

Kwamfutocin da za ki tarar a kasuwa gida biyu ne. Akwai na kamfanin Apple, su ne ake kira Mac. Akwai kuma masu aiki da Windows, irin su HP, Dell da Lenovo. Sunan da Mac ta yi a wajen masu zane yana da asali, don lokacin da manhajar Photoshop ta fito a 1990, a kan Mac kaɗai take aiki. Amma wannan zance ya tsufa. Yau Photoshop da Illustrator da InDesign duk suna aiki a gidajen biyu, kuma wanda aka miƙa wa katin da aka buga ba zai taɓa gane da wacce aka zana shi ba.

Don haka tambayar farko ba ta kasuwa ba ce. Ki tura yarinyar wurin malamin da zai koyar da ita, ta tambayo da wace manhaja ake darasi. Daga nan ta leƙa maɗaba'ar da za ta riƙa kai aiki. A yawancin wuraren buga kati da kalanda na ƙasar nan CorelDRAW ce ke ci, kuma a kan Windows. Manhajar ta daɗe ba ta da ta Mac, sai a 2019 ta dawo. Ko da yake yanzu akwai ta, mai koyo yana buƙatar abin da ke gabansa ya zama daidai da na malaminsa da na abokan karatunsa. In ta maƙale da dare, wa za ta kira? In na'urar ta lalace ana saura kwana biyu ta miƙa aiki, wane mai gyara ne a unguwarku zai iya buɗe ta, kuma a ina zai samo kayan? Na Windows kusan kowace kasuwar waya da kwamfuta akwai su. Na Mac sai an tona, kuma da tsada.

Ba ina kushe Mac ba ne. Allonta yana nuna launi da kyau, sannan waɗanda aka ƙera tun daga ƙarshen 2020, masu ɗauke da injin M1 da na bayansa, batirinsu yana daɗewa ƙwarai. Ga wadda ke zaune inda wuta sai an ga dama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In Allah ya hore, kuma makarantar da ita take koyarwa, to bismillah. Sai dai ki sani, ƙwaƙwalwar aikinta a manne take, ba a ƙara ta bayan an saya. Abin da kika biya ranar farko da shi za a zauna.

Ita wannan ƙwaƙwalwar aiki, wadda 'yan kasuwa ke kira RAM, ta fi sunan kamfanin muhimmanci. Kamar faifan tankaɗe take, in ya yi ƙanƙanta garin zubewa zai yi ta yi. Gigabait 8 za ta lallaɓa, amma 16 ita ce kwanciyar hankali. Ma'adanar kuma ta zama irin da ake kira SSD, kada a ba ki tsohuwar mai juyawa. Allon kuwa ki sa a buɗe hoto, ki kalle shi daga gaba, ki kalle shi daga gefe. In launin ya dusashe da kin karkata, ku bar ta, don mai zane da ido yake cin abinci.

Yawancinmu ta hannu za mu saya, kuma babu aibu a ciki, amma a nan ne ake yi wa mata wayo. Microsoft ya rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum a watan Oktoban 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin injinan Intel da ba su kai zubi na 8 ba. Ki rubuta wannan a takarda ki ba wanda zai raka ku. Haka tsofaffin Mac masu injin Intel, Apple ya sanar a 2025 cewa manhajarsa ta wannan shekarar ita ce ta ƙarshe da za ta hau kansu. Ga su nan a kasuwa suna ƙyalli, farashinsu da sauƙi, yara kuma alamar tuffar kawai suke kallo. Sannan kada a biya kuɗin Mac ta hannu sai an tabbatar mai ita na farko ya cire asusunsa na iCloud, in ba haka ba tana iya kullewa ta zama faranti.

Saura kuɗin da ba a faɗa wa iyaye. Tun 2013 kamfanin Adobe ya koma haya, ana biyan manhajojinsa wata-wata ko shekara-shekara. Mai shago zai ce zai loda miki su kyauta. Na sata ne waɗannan, hakkin wasu ne, kuma sau da yawa da cutar kwamfuta suke zuwa. Inkscape da GIMP da Krita kyauta suke tun asali, Affinity ma ta zama kyauta a Oktoban 2025, sun isa mai koyo ya fara motsa hannu. Ki kuma tuna mata ta riƙa duba ko salon rubutun da ta zaɓa yana da ƙ da ɗ da ɓ. Na sha ganin katin ɗaurin aure mai kyau da aka ɓata da ɗan akwati a tsakiyar sunan amarya.

Ita dai waccan uwa, da ta aika aka tambayo, sai ga shi da CorelDRAW ake darasin. Ƙaninta ya raka su kasuwa suka ɗauko mai Windows ta hannu, aka ƙara mata ƙwaƙwalwa zuwa 16, canjin ya isa jaka da ƙaramin linzami. Yarinyar ta yi kwana biyu tana kumbure-kumbure. Makon jiya uwar ta zo ɗaukar ƙannenta da 'yan kunnenta a kunne, ta miƙo mini katin walimar saukar ɗalibanmu, ta ce in duba ko akwai kuskure kafin a kai wurin bugu.